Yau Sun Tafa wa Hotonki, Dada

Alhamis, ƙarfe biyar saura kwata na yamma. Ina zaune a ɗakinki, a gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki, a kan tabarmar da kike sallah. Ban cire farin kayan aiki ba tukuna. Babu wuta, fanka a tsaye take. Rabona da barci tun jiya da la'asar. Na kwanta ɗazu, barcin ya ƙi zuwa. Baƙar jakarki tana gabana a buɗe.

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da ladabin da kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan muna lafiya, irin lafiyar da ake faɗa a gaisuwa. Goggo Nenne, ƙanwar Baba, tana nan tare da ni a gidan kamar yadda kika bar ta. Na gama makarantar jinya, na ci jarrabawa, an ɗauke ni aiki a asibitin da kika yi aiki, a ɗakin mata. Wata na uku ke nan. Na so a ce da wannan labarin kaɗai na zo miki.

Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Zan saka ta a shafina na sada zumunta, inda abokan karatuna da mutanen unguwa za su gani. Wanda ya ga kansa a ciki ya yi haƙuri. Ai su ne suke cewa haƙuri maganin zaman duniya.

Ga abin da ya faru yau, kamar yadda ya faru.

Na sauka daga aikin dare ƙarfe takwas na safe. A bakin ƙofa aka tare mu, aka ce babu mai tafiya gida, akwai taron bita na dole. Batun taron shi ne yadda ma'aikacin lafiya zai kula da kansa, ya rage gajiya da damuwa. An ce ƙarfe tara za a fara. Sai sha ɗaya da rabi aka fara, domin ana jiran babban baƙo. Mu da muka kwana a tsaye muka zauna a kujerun roba muna jiran mutumin da ya kwana a gadonsa. A ɗakinmu kuwa nas ɗaya aka bari da marasa lafiya duka, don sauran su zo su koyi hutawa.

Mai jawabin daga wani ofis ya zo, da majiginsa da robar ruwan sanyi a gabansa. Ya ce mu riƙa yin barci isasshe. Mu ci abinci a kan lokaci. Mu motsa jiki. Mu samu wanda za mu gaya wa damuwarmu. Mu koyi cewa “ba zan iya ba” idan aiki ya fi ƙarfinmu. Zan yi masa adalci, Dada: babu ƙarya ko ɗaya a abin da ya lissafa. Duk na karanta su a makaranta, har an tambaye mu a jarrabawa. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne a tsare mutum a hana shi barci don a gaya masa amfanin barci.

Can ya ce mu rufe ido, mu ja numfashi a hankali, kowa ya tuna wani wuri mai daɗi. Da ya ce mu buɗe, rabin layinmu ba su buɗe ba. Mama Rifkatu, aminiyarki, wadda yanzu ita ce babba a ɗakinmu, har ta fara minshari. Ya matso kusa da ita yana dariya, ya tambaye ta wane wuri mai daɗi ta tafi. Ta buɗe ido ɗaya ta ce masa, “Katifa na ne. Kai ne ka hana ni zuwa.” Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya wuce shafi na gaba.

A shafi na gaba ke ce.

Hotonki ya cika bango. Wanda aka ɗauke ki a Sunkani ne, lokacin da aka tura ki can, kina sanye da farar hula, kina riƙe da jariri a kan sikeli. Na san hoton nan sarai. Ranar zazzaɓi kike yi, kin sha magani a mota kafin mu isa. Ni ce nake tsaye a gefe riƙe da jakarki, an yanke ni daga hoton, hannuna kaɗai ya fito.

Babban baƙo ya miƙe ya karɓi abin magana. Ya ce, “Ga abin koyi nan. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa cinye hutunta na shekara ba. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Tana kan aiki har ranar da Mai ita Ya karɓi abinSa.” Sai ya ce a tafa miki. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa. Wani ya ce ai 'yarta tana nan. Aka ce in miƙe. Na miƙe, Dada, domin ban san abin da zan yi ba in ban da miƙewa.

Ban gama zama ba Metiron, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ta yi sanarwa cewa an dakatar da hutun shekara na kowa har sai an ƙaro ma'aikata. Daga nan aka raba lemo da biskit, aka jera mu aka yi hoto, aka ce mu yi murmushi.

A taron koyar da hutu, abin da ya kai ki ƙasa shi aka ɗaga aka ce mu yi koyi da shi. Babu wanda ya ga wani abu a ciki. Wannan ne ya fi komai ba ni ƙyama. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Da zuciya ɗaya suka yi.

Kin san ni da son a faɗi abu daidai, har kina ce mini alƙaliya. To bari in gyara maganarsa a nan, tunda a can na kasa.

Ya ce ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Kin faɗa. Ni kike gaya wa, idan na zauna ina shafa miki man zafi a ƙafa. Kina cewa, “Biba, yau ƙafafun nan ba nawa ba ne, na aro ne.” Su ne ba su taɓa tambayar ki ba.

Ya ce kina kan aiki kika rasu. Ba a asibiti kika faɗi ba. A tsakar gidan nan kika faɗi, ranar Lahadi da safe, ranar hutunki. Mutane suna jere a kan dogon bencin nan suna jiran ki auna musu jini. Kin ɗaura wa maƙwabciyarmu Maman Iliya abin awo a hannu, kina matsa robar, sai robar ta suɓuce miki. Na ɗauka wasa kike yi da kika jingina da bango. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma alamu sun nuna jininki ya daɗe yana hawa. Mace mai abin awon jini a jakarta, wadda ta auna rabin Sarkin Dawaki.

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata, idona a kumbure. Wata ta matso ta yi mini gaisuwa, ta ce Allah Ya jiƙan Hajiya, mace mai haƙuri. Ba ta saki hannuna ba ta zaro takardar gwajinta daga cikin mayafi, ta ce in ɗan duba mata, tunda ni ma na kusa gamawa. A ranar kuma na ji wata tana tambayar Goggo Nenne a hankali, wai jakar fa, a hannun wa take yanzu?

Ke ma ina da magana da ke, Dada, ki gafarce ni.

Ke ce kike tsare mata a kan gishiri da maggi. Ke ce kike cewa kowa ya wuce arba'in ya riƙa auna jininsa ko da ba ya jin komai, domin hawan jini ba ya sallama. Amma kunun gyaɗarki a tsaye kike sha, mayafi a kafaɗa. Idan na ce ki zauna, sai ki ce, “Mai ciwo ba ya jira.” Idan na ce ki kwanta, sai ki ce, “Hutu sai kabari.” Kina faɗa kina dariya. Ni yanzu ba na iya jin wannan magana a bakin kowa.

Ina tuna zuwanmu Kasuwar Jalingo sayen kifi. Abin da bai kai a ɗauki lokaci ba sai ya cinye mana yamma. Mai tumatir ta kira ki ta nuna miki ƙafarta. Ki tsuguna a gefen farantinta, ki danna idon sawunta da babban yatsa, ki tsaya kina kallon ko ramin zai cike. Mai doya ya kawo kwalin maganinsa. Ni ina tsaye da kwando, ƙudaje suna bin kifin, ina jin kamar babu wanda ya kai ni uwa a duk kasuwar. Har yau ina jin haka. Saboda wannan tsugunon na shiga makarantar jinya. Shi ya sa abin yake mini ciwo ta fuska biyu.

Tun makon da na fara aiki benci ya dawo tsakar gida. Goggo Nenne ce ta fito da shi da kanta ta goge. Da na yi magana ta ce, “Munyal, Biba, haƙuri. Albarkar gidan nan ke nan, kada ki kore ta.” Idan na dawo daga aikin dare, ina samun mutane a zaune. Idan na dawo daga na rana, haka. Ana buga mini waya ina banɗaki, ana bugowa ina sallah. Kowa da abin da yake cewa: ai minti biyu ne. Kowa kuma gaskiyarsa, nasa minti biyu ne.

Makonni ke nan ƙeyata tana ciwo. Idan waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. Jiya sai da na leƙa kular abincina kafin in tabbatar ko na ci. A wurin aiki nakan duba magani sau uku kafin in ba mara lafiya, in fita, in sake dawowa in duba. Ban yi kuskure ba tukuna. Wannan “tukuna” ɗin ce take hana ni barci ko da na samu lokacin yi.

Da aka tashi daga taron, Mama Rifkatu ta kama hannuna, ta ja ni ɗakin da muke canja kaya, ta murɗa makulli. Ta zaunar da ni, ta ce kada in yi magana, kada in harɗe ƙafa. Bayan na ɗan huta ta ɗaura mini abin awo. Ɗari da hamsin bisa casa'in da biyar. Ta jira, ta sake a ɗaya hannun. Kusan haka. Shekarata ashirin da huɗu, Dada.

Na fara yi mata bayani cewa awo ɗaya ba ya tabbatar da ciwo, ga rashin barci, ga ɓacin rai, sai an auna safe da yamma na kwanaki kafin a ce wani abu. Ta ce ta sani, tun ban zo duniya ba ta sani. Sai ta riƙe haɓata, da Hausarta da kika sani, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce, “Ka ji ni da kyau. Ni na juya uwarka a gadon can, ni na goge masa jiki da hannu na. Ba zan yi wa 'yar ba. Ka je gida ka kwanta. Wanda ya mutu, hoto ne suke sa masa.”

A bakin get Metiron ta tsayar da ni. Gobe Juma'a ranar hutuna ce. Ta ce wata ba za ta samu zuwa ba, ɗanta ba lafiya, in zo in riƙe aikin safe. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ke 'yar Hajiya ce, na san ba za ki ƙi ba.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ba zan iya ba.” Kalmomin da aka haska mana a bango ɗazu, ban ƙara ba ban rage ba. Ta janye hannunta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Uwarki ba ta taɓa faɗa mini haka ba.” Na ce, “Na sani.” Na wuce na shiga keke.

Ita ma zan yi mata adalci. Na ga ƙafafunta, sun kumbura sun cika takalmi. Ba ita ta hana a ɗauki ma'aikata ba. Kuma na san idan ban zo ba wata ce za ta zo, mai yiwuwa Mama Rifkatu, wadda ta kwana a tsaye tare da ni. Hutuna daga jikin wata za a yanko shi. Haka aka tsara abin: duk wadda ta ce za ta kula da kanta sai ta ji kamar ta yi sata. Sannan a kawo majigi a ce mu ja numfashi.

Dada, an yi sallama a tsakar gida. Bari in dakata.

Na dawo. Maman Iliya ce. Duk Alhamis take zuwa tun da na fara aiki. Kada ki ɗauka ina jin haushinta. Ranar da kika faɗi, abin awonki yana ɗaure a hannunta ta riƙa kururuwa har aka zo, da shi a hannu ta bi mu asibiti. Ta fi wasu 'yan uwa kuka. Ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, yau ma da ƙullin gyaɗa ta zo.

Na amsa sallamar, domin amsa sallama wajibi ne. Na fita na tsaya a bakin ƙofa, ban ɗauki jaka ba. Na gaishe ta, na tambaye ta ko kanta yana ciwo mai tsanani, ko tana gani dishi-dishi, ko ƙirjinta yana ciwo, ko wani ɓangare na jikinta ya yi nauyi. Ta ce ko ɗaya. Na ce ta sha maganinta yau? Ta ce ta sha. Ta ce, “Ni dai in ji ko ya sauka, 'yata, hankalina ya kwanta.”

Na ce mata daga yau ranar Asabar da hantsi kaɗai zan riƙa awo a gida, ta gaya wa sauran. Na ce idan ta ji ko ɗaya daga cikin abubuwan da na tambaye ta, kada ta biyo ta nan, ta wuce asibiti kai tsaye, ko da wane lokaci ne. Na maimaita mata sau biyu.

Ta kalli benci. Sai ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta ce, “Idonki ya faɗa.” Ta ajiye gyaɗar a kan bencin ta ce, “To, Allah Ya kai mu Asabar.” Ta fita a hankali, takalminta yana jan ƙasa.

Goggo Nenne tana bakin murhu, duk ta ji. Ba ta ɗago ba ta ce, “Yau na ga abin da ban taɓa gani ba a gidan nan.” Na ce mata ni kuwa na taɓa ganin wani abu a gidan nan, a daidai wurin bencin can, kuma ba na so ta sake ganin irinsa. Na ji tana jan hanci, ban sani ba ko hayaƙi ne.

Na ɗauki bencin na jingina shi da bango. Ya fi yadda nake zato nauyi.

Yanzu ga abubuwan da ban sani ba, domin ba na so in rufe wasiƙar nan kamar wadda ta gama fahimtar komai.

Ban sani ba ko jinina ya hau ne da gaske, ko gajiyar yau ce. Sai na auna na mako guda na kai wa likita.

Ban san wadda za ta riƙe aikin gobe ba, kuma ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ban san abin da Metiron za ta rubuta a kaina ba, ni da ban ko cika wata shida ba.

Ban sani ba ko Maman Iliya za ta kai Asabar lafiya. Na tambayi duk abin da ya kamata a tambaya. Duk da haka kunnena yana kan ƙofa.

Ban sani ba ko da kina nan za ki ce na yi daidai, ko za ki ɗauki jakar ki bi ta da kanki.

Kuma ban sani ba, Dadata, ko a duk shekarun nan kin taɓa rufe ƙofar ɗakin nan, kin naɗe hannun rigarki, kin ɗaura abin nan a naki hannun. Idan kin taɓa, me kika gani? Wa kika so ki gaya wa, kika duba ba ki ga kowa ba sai masu jiran layi? Ina ɗakin da ke kusa da naki. Da kin kira ni.

Ya Allah, Ka jiƙan Dada. Ka karɓi kowane tsuguno da ta yi a gaban mai ciwo, Ka saka mata da abin da tafi ba ya bayarwa. Ka ba ta hutun da take cewa sai can, Ka sa ta same shi cikakke, babu mai ta da ta. Ka tsare Maman Iliya. Ka ƙara wa Mama Rifkatu lafiya, Ka yafe mini idan nauyina ya faɗa a kanta. Ka ba ni ikon yi wa bayinKa hidima shekaru masu yawa, da raina da lafiyata. Amin.

An kusa kiran magariba. Zan yi sallah, in ci tuwo a zaune, in kashe waya, in kwanta. Jakarki tana nan a wurina, ba zan ba kowa ba. Gobe da safe zan sake buɗe ta, kuma hannun farko da za a ɗaura wa abin awonki nawa ne.

Ki huta lafiya, Dada.

'Yarki mai kewarki kullum,
Habiba, Bibarki